Daga Bakin Shago: Ranar da na bugi iska a gaban manya

Yau zan ajiye zancen farashin siminti da hawa da saukar sidi, in ba ku labarin wani abin kunya da na jawo wa kaina shekara uku da suka wuce. Hajiya ce ta ce in rubuta shi, wai ita dai ta gaji da ji, gara wasu ma su ɗana.

Abin ya faru ne a filin golf, wasan nan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na san wani zai ce, to Alhaji, mai sayar da tayil da fenti a Ankara (tamu ta Ghana, ba ta Turkiyya ba), me ya kai shi wasan masu kuɗi? Kasuwa ce ta kai ni. Akwai wani dattijo ɗan Asante da na fi shekara goma ina karɓar kaya a hannunsa. Shi ke shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema, ya ba ni kaya bashi, in sayar in kai masa kuɗinsa. Tsakanina da shi babu wata doguwar takarda, amana ce kawai. Duk wanda ke cin abinci a ƙasar da ba tasa ba ya san cewa irin wannan amanar ita ce jarinsa na gaskiya.

Wata rana muna lissafi a ofishinsa sai ya ce, "Alhaji, ka taɓa buga golf?" Da na ce a'a, da shi ke nan an wuce wurin. Amma akwai wasu manyan mutane biyu zaune, ɗaya ma'aikacin banki, ɗaya ɗan kwangila, sai na ji bakina ya ce, "Sosai ma, a Kano ina bugawa." Alhali iyakacin sanina da filin golf na Kano shi ne wucewa ta gefensa a mota. Dattijon ya yi murna, ya ce nan da mako uku mu haɗu a Achimota da safiyar Asabar, mu huɗu.

Na fito ina zufa. Maimakon in koma in gyara magana, sai na shiga gyaran jiki. Na sayi jaka da sanduna goma sha huɗu cif, wato iyakar abin da doka ta yarda mutum ya ɗauka. Na sayi takalmi, safar hannu, hula da riga mai tambari. Kuɗin da na kashe ya kusa hayar shagona ta wata uku, kuma daga kuɗin kaya na zara. Sannan na riƙa laɓaɓawa da asuba zuwa wurin da ake koyon bugu, ina dukan ƙwallo kamar mai saran itace. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa gorar ma ban shuka ba.

Bari in ɗan yi bayanin wasan saboda waɗanda ba su san shi ba. Fili ne mai rami goma sha takwas. Kowane rami faɗin bakinsa bai wuce santimita 11 ba, ƙwallon kuma 'yar ƙarama ce, nauyinta bai kai giram 46 ba. Za ka faro daga nesa, wani lokaci mita 150, wani lokaci fiye da 450, ka yi ta bugu har ƙwallo ta faɗa rami. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, bugu uku ko huɗu ko biyar, kuma idan aka haɗa duka a yawancin filaye jimlar kan kama 70 zuwa 72. Gwanaye ne ke kusantar wannan adadin. Sabon shiga idan ya gama da 110 ma ya yi ƙoƙari. Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya shafi labarina: a wasan yau da kullum babu alƙali mai usur da ke bin ku. Kowa shi ke ƙirga bugunsa, ya faɗa, a rubuta a kati.

Ranar ta zo. Filin Achimota tsohon fili ne, tun 1934 aka kafa kulob ɗin, ga bishiyoyi ga ciyawa kamar darduma. A inda ake bugun farko akwai wasu rukunin 'yan wasa suna jiran layinsu, ga yara masu ɗaukar jaka tsaye. A idona dai duniya ce gaba ɗaya ta taru. Abokan tafiyata uku suka buga, kowa tasa ta tashi sama ta sauka can nesa. Aka ce, "Alhaji, bismilla."

Wallahi na sha tsayawa gaban jami'an kwastan a kan iyaka da kaya cike da mota, ban taɓa jin abin da na ji a wannan safiya ba. Zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, gwiwa ta yi sanyi, bakina ya bushe ƙamas. Na zaro sanda mafi tsawo, wadda ta fi kowace wuyar sarrafawa, don ita na ga manya sun ɗauka. Na ɗaga, na kawo duka da iyakar ƙarfina. Sai na ji fuuu. Na ɗaga kai ina neman ƙwallo a sama, ashe tana nan zaune a kan tsinkenta, ko motsi ba ta yi ba. A dokar wasan wannan ma bugu ɗaya ne, tunda da niyya ka kai duka. Na sake kawowa, ta gangara kamar taku goma ta tsaya. Babu wanda ya yi dariya. Ni kuwa a kunnena shirun nan ya fi dariya ciwo.

Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba. Kowane bugu ina ƙoƙarin rama na baya, kowane bugu kuma yana fin na baya lalacewa. A rami na biyar ƙwallona ta faɗa gindin wata bishiya. Na duba hagu na duba dama, na sa ƙafa na ɗan turo ta fili. Da aka tashi kuma, aka tambaye ni jimla, na ce 98. Allah ya sani na haura 120.

Aka ci aka sha aka rabu lafiya. Bayan mako biyu da kwantena ta iso, sai yaron ofishin dattijon ya kira ni ya ce Maigida ya ce daga yanzu sai na biya rabin kuɗin kaya kafin a loda. Ba a faɗa mini dalili ba. Wata huɗu ina cikin wannan hali. Na rasa kwastomomi biyu manya saboda ba ni da kayan da zan ba su, na ci bashi a wurin ƙanin Hajiya, abin da ban taɓa yi ba. Duk wannan lokacin a raina cewa nake yi bugun iskan nan ne ya zubar mini da mutunci, mutumin ya gane ni ba sa'ansu ba ne.

Wanda ya warware mini shi ne yaron da ya ɗaukar mini jaka ranar, wani matashi ɗan Mamobi, Hausa a bakinsa kamar tawa. Na koma filin wata Talata da ba kowa, don sandunan da na kashe wa kuɗi su daina harara ta a ɗaki. Muna tafe ina ta ƙorafin ranar farko, sai ya ce, "Baba, in faɗa maka wata magana, ba za ka ji haushi ba?" Na ce faɗi, ɗana. Ya ce, "Bugun iska ai kullum muna gani a nan, har manyan da kake jin kunyarsu sun yi. Kafin a kai rami na biyu kowa ya manta, don kowa ta kansa yake yi. Abin da ba a mantawa shi ne ƙafa. Kuma ba ni kaɗai na gani ba."

Na tsaya cak. Wato abin da na kwana ina jin kunyarsa ba wanda ya riƙe shi, abin da na yi don in rufe kunyar kuwa shi ya ci ni.

Washegari na tafi ofishin dattijon. Na ce, "Maigida, na zo ne in faɗa maka abu uku. Ban taɓa buga golf a Kano ba. Na tura ƙwallo da ƙafa a rami na biyar. Kuma 98 ɗin nan ƙarya ce." Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Alhaji, tun bugunka na farko na san ba ka iya ba, kuma bai dame ni ba. Ni ma da haka na fara. Amma na tambayi kaina, mutumin da zai tura ƙwallo da ƙafa a wasan da babu ko sisi a ciki, me zai yi da lissafin kwantena ranar da kasuwa ta matse shi?" Ban da amsa. Bai mayar mini da bashin a ranar ba, sai sannu a hankali, kwata, rabi, har muka koma yadda muke. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowar kuwa sai an sha wuya.

Tun daga nan na ci gaba da wasan, sau ɗaya a mako idan kasuwa ta bari, saboda likita ma ya ce tafiyar tana da amfani ga hawan jinina. Kuma na zauna na yi ta tunani da karance-karance a kan wannan tsoron, daga ina yake zuwa, me ke rage shi.

Abu na farko da na gane shi ne golf ya fi sauran wasanni ba wa tsoro wurin zama. A ƙwallon ƙafa, ƙwallo ce ke zuwa maka a guje, jiki ya amsa kafin tunani ya iso. A golf kuwa tana zaune tana jiran ka. Zagaye ɗaya yakan ci wajen awa huɗu, amma shi kansa bugun bai kai daƙiƙa biyu ba. Ko ka yi bugu ɗari, duka-duka minti uku ne da 'yan kai. Sauran lokacin tafiya ce da saƙe-saƙen zuci. Idan zuciya ta ce ana kallon ka, jiki sai ya ɗauka haɗari ne ya taso: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, yatsu su damƙe sanda kamar za a ƙwace. Hannun da ya sandare kuwa ba ya lilo yadda ya kamata, sai gaggawa. Shi ya sa mutum zai buga lafiya lau a wurin koyo shi kaɗai, ya zo gaban mutane ya zama kamar bai taɓa riƙe sanda ba.

Abu na biyu, wannan ciwo bai bar kowa ba. Ernie Els na Afirka ta Kudu ya ci manyan gasanni huɗu a rayuwarsa. A gasar Masters ta 2016 a Amurka, a rami na farko, ƙwallonsa tana kusa da rami tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, amma sai da ya tura ta sau shida kafin ta shiga, ya tashi da 9 a ramin da ƙa'idarsa 4, duniya na kallo a talabijin. Rory McIlroy na Ireland ta Arewa ya shiga ranar ƙarshe ta wannan gasa a 2011 yana gaba da bugu huɗu, yana ɗan shekara 21, ya rikice ya buga 80, kofi ya suɓuce. Bayan wata biyu ya ci US Open da ratar bugu takwas, Masters ɗin kuwa sai a 2025 ya same ta, bayan shekara 14. Tiger Woods da kansa, a 2020, ya jefa ƙwallo uku cikin ruwa a rami na 12 ya tashi da 10 inda ƙa'ida 3 ce. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: a ramuka shida da suka rage, biyar ya gama su ƙasa da ƙa'ida. Bai tsaya rama abin da ya wuce ba, ya fuskanci na gabansa. To idan waɗannan da wasan ne abincinsu hannunsu na rawa, wane ne ni, mai tayil, da zan ce dole sai na burge?

Shi kansa tsarin wasan ya san mutum yana da ranar banza. Akwai abin da ake kira handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa don gwani da ɗan koyo su iya karawa. A tsarin da duniya ta koma kansa tun 2020, rangwamen yana kaiwa har 54, kuma daga wasanninka 20 na baya-bayan nan ana duba mafi kyau guda 8 ne kawai. Sauran 12 an yafe maka. Da na faɗi gaskiya tun farko, da rangwame za a ba ni, in yi wasana cikin kwanciyar hankali. Ƙaryar da na yi ta hana ni sauƙin da doka ta riga ta tanadar mini.

Ga abubuwan da nake yi yanzu, ko za su amfani wani.

Kafin a fara nakan gaya wa abokan wasa matsayina ƙarara: ni ɗan koyo ne, nakan buga sama da ɗari. Da zarar na faɗa sai in ji kamar an sauke mini buhu daga ka, don babu sauran abin da zan kare.

A bugun farko na daina ɗaukar doguwar sanda. Ina ɗaukar ƙarfe mai lamba bakwai, wanda hannuna ya saba da shi. Ba ya kai ƙwallo nesa sosai, amma yana kai ta gaba, kuma gaba ake nema.

Ina da tsari guda da ba na sauyawa, ko mutum ɗaya ke kallo ko hamsin. In tsaya bayan ƙwallo, in zaɓi abu ɗaya ƙarami da zan nufa, reshen bishiya ko wani tabo a ciyawa. In yi bismilla, in ja numfashi in sake shi a hankali har ya ƙare, in sassauta yatsu, in gwada lilo sau ɗaya, in buga. Zuciya ba ta iya riƙe abu biyu a lokaci guda. Idan ta shagala da reshen can, ba ta da sararin tunanin fuskar ma'aikacin banki.

Idan bugu ya lalace, na yarje wa kaina jin haushi daga inda na buga zuwa lokacin da sanda ta koma jaka. Da ta shiga, magana ta ƙare. Idan kuma rami ya gagara, na yi takwas na yi tara, sai in ɗauke ƙwallona in ce a rubuta na bari, mu tafi na gaba. Na lura abin da abokan wasa ke so daga gare ka biyu ne: kada ka ɓata musu lokaci, kuma kada ka yi ha'inci. Iyawarka ba ta cikin lissafinsu.

Sannan ina ƙirga kowane bugu, har da na iska. A tarihin wasan ana ba da labarin Bobby Jones na Amurka, wanda a gasar US Open ta 1925 ƙwallonsa ta ɗan motsa lokacin da yake shirin bugu, ya ci kansa tarar bugu ɗaya da bakinsa. A ƙarshe aka yi kunnen doki, ya sha kaye a karon raba gardama. Shekara ɗari ke nan ana tuna shi da wannan. Ni kuma da ƙafa aka so a tuna ni.

Amma inda abin ya fi taɓa ni a gida ne. Bara ɗana na uku ya yi saukar karatu. Daren walima na kira shi na ce, "Gobe manyan mutane za su zo, abokan kasuwancina duk na gayyace su. Kada ka ba ni kunya." Washegari yaron da ke karatu kamar ruwa a ɗaki ya riƙe makirfo ya kakare tun a ayoyin farko. Na ga yatsunsa na rawa, na ga yana haɗiyar yawu, sai na ga kaina a Achimota. Ni na ɗora masa wannan kayan. Ban ce masa ya karanta don Allah ba, ce masa na yi ya karanta don baƙina. Malaminsa ya matso ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kalli allonka kawai, ɗana." Ya kuwa kalli allon ya ƙarasa. Da dare na nemi gafararsa, abin da ubana bai taɓa yi mini ba, kuma ban ga na ragu da komai ba.

Mu da ke zaune a ƙasar wasu wannan ciwon ya fi kama mu, don ido biyu ke kanmu, na mutanen gari da muke so su ɗauke mu da daraja, da na 'yan'uwa a gida da muke so su ce wane ya samu. Shi ke sa mutum ya yi hayar mota ya tafi gida da Sallah alhali hayar shago na binsa. Shi ke sa a ci bashi a cika akwatunan lefe don a nuna wa dangi. Malamai sun daɗe suna jan kunnenmu a kan riya a ibada, amma ko a harkar duniya yi don a gani yana da tsada, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen da muke wahala dominsu, kamar yadda yaron Mamobi ya gaya mini, kowa ta kansa yake yi.

Asabar da ta wuce mun sake fita da dattijon. A rami na farko na buga, ƙwallo ta karkace ta shige cikin bishiyoyi. Na same ta a gindin wata, kusan irin wancan wurin. Na buga ta gefe ta fito fili, na ƙirga. Da aka tashi na ce 107, ya rubuta 107, muka sha ruwan kwakwa, ya ce kwantena na isowa ranar Laraba in turo mota.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar ajiyar kuɗi a waya da wasunku suka tambaya.